Fitilun da Kawu Ya Hana a Goge

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu tafiya. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya ɗauko ni daga Zariya ya kawo ni Amurka karatu, a gidansa na zauna har na gama na kama aikin jinya, na koma nawa ɗan gidan haya a Hyattsville, kusa da Washington. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Matarsa kuwa, wadda muke kira Anti, ita ma ba ta iya faɗin sunan uwar miji, sai ta mai da abin wasa take ce mini Surukata. Ya rasu a ƙarshen sanyin da ya wuce bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina rubuta wannan ne don kada wata rana a tambayi jikokinsa wane ne kakansu, su ce wani tsoho ne mai tara fitilu, maganar ta ƙare a nan. Ina kuma rubutawa don akwai abin da ya faru a gidansa bayan rasuwarsa, ina ji ina gani na kasa hanawa.

A gidansa aka yi zaman makoki, can saman wani dogon bene a Alexandria, tsallaken kogi daga Washington. Waɗanda suka saba zuwa sun san yadda ake shiga falon, a karkace, ana tattare riga. Waɗanda ba su taɓa zuwa ba sai ka ga sun yi sallama sun tsaya a bakin ƙofa, gaisuwar ta maƙale musu. Fitilu ne ko'ina, na tsaye masu dogayen hannuwa, na tebur masu hular ƙarfe, na bango, da masu rataye daga silin waɗanda aka yi da gilashi mai kalar zuma. Duk ƙirar Italiya ne, duk kuma sun girme ni nesa ba kusa ba. Wani dattijon likita, abokin Kawu tun suna samari, ya miƙe zai yi addu'a ya buga kai da ɗaya daga cikinsu, ta yi ta lilo a kansa. Ya dafe wurin ya ce, "Injiniya, ka tafi ma ba ka bar ni na huta ba." Mutane suka yi 'yar dariya. Shi kuwa ya koma ya zauna ya rufe fuska da babbar rigarsa, addu'ar sai wani ne ya yi.

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, Kirista ce, maƙwabciyarsu a hawan ƙasa, ta fi wasu daga cikinmu kuka. Ta ba mu labarin da ni kaina ban sani ba. Lokacin da mijinta yake kwance a gida, ciwon ya kai ba ya iya buɗe ido in da haske. Kawu ya je duba shi, ya ɗaga kai ya harari ƙwan fitilar da ke saman ɗakin, ya fita ba ko sallama. Can sai ga shi da wata ƙaramar fitila a hammata. Ya ajiye ta a ƙasa bayan gado, ya juya hularta ta fuskanci bango.

Matar ta ce, "Sai ya ce mini, 'Madam, kashe ta saman nan, ba taimakonsa take ba.' Na kashe. Ranar mijina ya buɗe ido ya dube ni, muka yi hira kamar da."

Bayan mijin ya rasu ta mayar da fitilar, Kawu ya ƙi karɓa. Ya ce ta riga ta saba da gidansu.

Har wani tsohon Bature mai shagon tsofaffin kayan tarihi ya zo. Ya cire takalmi yadda ya ga ana yi, ya tsaya gaban babbar fitilar da ke kusa da kujerar Kawu, hula a hannu, bai san abin da ake faɗi ba. Da na kawo masa shayi ya ce mini da Turanci shi dai bai taɓa yarda wani ya kwance masa fitila ba in ba Kawu ba, kuma bai san wurin wanda zai je yanzu ba.

A ɗakin mata kuwa wata magana ce ta fita, wadda da ina da iko da na kamo ta na mayar bakin mai ita. Wata Hajiya, irin waɗanda ba ka ganinsu sai ranar suna ko ranar mutuwa, ta karkata ga ta kusa da ita, a tunaninta raɗa take yi.

"Allah ya jiƙan rai. Amma kin ga tagullar nan duk ta yi baƙi ƙirin? A ce da mace a gida."

"Ai ko lemun tsami a ɗan sa musu," in ji ɗayar.

Anti tana zaune a kan darduma cikin hijabi, carbi a hannu. Ba ta ɗago kai ba. Amma na ga yatsunta sun tsaya a kan carbin kafin su ci gaba.

Kawu da kansa ciwo yake kiran abin, kuma ya san ranar da ya kama shi. Yana saurayi, ya fito daga makarantar koyon sana'a, ya sami aiki a sansanin wasu 'yan Italiya masu gina hanya a Arewa. Akwai wani tsohon mai aikin lantarki a cikinsu da ya zo da fitilar teburinsa tun daga garinsu. Hannunta yana lanƙwasuwa, kuma duk inda ka bar shi nan zai tsaya. Kawu da ya tashi da aci-balbal da fitilar ƙwai sai ya tsaya yana kallo kamar ɗan ƙauye. "Uwata," yakan ce mini, "sai ranar na san ana iya ba haske umarni ya bi." Daga baya ya yi karatu ya zama injiniya, ya zo ƙasar nan, ya yi shekaru yana kula da wutar wani ginin gwamnati a kudu maso yammacin Washington. Dogayen fararen fitilun ofis ne aikinsa, kuma babu abin da ya tsana kamarsu. Wai suna sa mai lafiya ya yi kama da wanda aka sallamo jiya. Sai ya dube ni ya ƙara da cewa, "Irin naku na asibiti."

A gidansa ba a kunna fitilar sama ta masu gini. In magariba ta kawo kai sai ya tashi ya fara zagaye, daga wannan zuwa wannan, kowace da bismillarta, yana ɗan gyara mata hula, yana ja da baya yana dubawa. Anti takan ce kafin ya gama kunna su an yi isha. Ban taɓa ganin ya yi sauri ba don ta faɗi haka.

Masu yin fitilun kuwa maganarsu yake yi kamar danginsa. Ya ce bayan babban yaƙin duniya ƙasarsu a talauce take, sai ƙananan maƙera suka cika lungunan Milan. Wani ya zana a takarda, wani ya lanƙwasa bututun tagulla, wani ya yi wa hula fenti, a ɗaki ɗaya da bai fi falonsa ba. Gilashin kuma daga tsibirin Murano, inda da baki ake hura shi. Yakan ɗaga fitila ya nuna mini wani ɗan ƙurjin iska da ya maƙale cikin gilashi. "Kin ga wannan? Numfashin wani bawan Allah ne. Ya mutu tun kafin a haife ki, numfashin yana nan." Ko ya kifa ta ya nuna mini inda aka yi liƙin ƙarfe, ya ce mai wannan aikin bahago ne, dubi ta inda ya fara. Ni dai ban taɓa ganin komai ba sai liƙi, amma nakan ce haka ne, Kawu. Yana da tabbacin da an kai wa maƙeran Bida wutar lantarki da wuri da su ma sun yi irin wannan, har ma su fi. Abin da zai ba ka dariya, duk wannan soyayya bai taɓa taka Italiya ba. Na sha ce masa mu je. Sai ya ce, "In yi me? Masu yi sun mutu. In je in tarar da jikokinsu suna yin ta roba, ki dawo da gawata?"

Ranar Asabar ni ce direbarsa. A ƙasar nan in mutum ya mutu, 'ya'yansa sukan buɗe gidansa a yi gwanjon duk abin da ke ciki, tun daga gado har cokali. Nan Kawu yake farauta. Ni abin yana ɗaga mini hankali, ka ga baƙi suna buɗe durowar mamaci suna juya kofunansa. Shi ma ba daɗi yake ji ba, don nakan ga yana tafiya a hankali a irin gidajen, ba ya ɗaga murya. Wata rana muka tarar da wata fitilar tebur an jefa ta a kwali tare da tsofaffin wayoyi. Ya ɗauko ta ya share mata ƙura da hannun rigarsa.

"Mai gidan nan ya san abin da ya saya," in ji shi. "'Ya'yansa ne ba su sani ba."

Ni da bakina ba ya shiru sai na ce, "To Kawu, naka 'ya'yan fa?"

Yana da biyu, namiji da mace, a nan aka haife su, kuma fitilun a wurinsu abin tuntuɓe ne kawai. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ni ai ina da uwa." Na yi dariya a lokacin. Ban san amana ce yake ɗora mini ba.

Doka ɗaya ce a gidan, kowa kuma ya san ta: ba a goge tagulla. Ƙura a kaɗe ta da burushi mai laushi, shi ke nan. Tagulla in ta daɗe takan yi duhu, ta koma ruwan ƙasa mai zurfi, kuma wannan duhun shi masu tara irin waɗannan kaya suke nema. In aka goge shi ba ya dawowa sai bayan wasu shekarun masu yawa. Kawu dai ba ruwansa da masu tara kaya. "Wannan ba datti ba ne," yakan ce, "shekaru ne." Babbar hujjarsa ita ce fitilar da ke kusa da kujerarsa, wadda ya fi so duk cikinsu. Ta tsaye ce, tana da hannu uku, kowane da hularsa, ja da rawaya da fara. Ɗaya yakan juya kan Alƙur'ani ko jarida, ɗaya ya ɗaga sama, na ukun kuma ya karkato shi wajen duk wanda ya zo hira. Kowane hannu yana da mariƙi, kuma a kan mariƙin na ukun akwai wani wuri kamar faɗin babban yatsa da ya yi sumul, ya yi haske a tsakiyar duhun, saboda yawan taɓawa. Ya ce yatsan maƙerin ne ya fara, na mai ita na farko ya ɗora, nasa kuma ya ƙarasa. In aka goge fitilar duka ta yi haske ɗaya, wurin ya ɓace.

Sau ɗaya na ga an karya dokar, ina gidan a lokacin. Ana jibi Sallah, Anti ta ɗauki lemun tsami da gishiri ta goge wasu fitilun bango guda biyu har suna ɗaukar ido. Kada a ga laifinta da sauri. A gidan da ta tashi a Kano, tasoshin mahaifiyarta kana ganin fuskarka a jikinsu, kuma macen da tagullarta ta yi baƙi sunanta ƙazama. Duk Sallah mata suna zuwa gidanta suna bin bango da ido. Kawu ya dawo daga ofis, ya tsaya da jaka a hannu.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni na yi."

"Hajiya, kin san abin da kika goge kuwa? Abin da ya girme ki kika goge da yamma ɗaya."

"Kai kuma ka san kunyar da nake sha? Kai za a ce mai ilimi ne, ni a ce ba na shara. In tagullar ka aura ka faɗa mini in san matsayina."

Aka yi Sallah ba sa magana. Ya koma shayi da burodi, tana zuba masa miyar taushe yana kau da kai, ni ce 'yar aike tsakanin kicin da falo, ga shi ko ƙofa babu a tsakani. Da yunwa ta ci ƙarfinsa sai ya fita ya dawo da wani ƙaton faranti na tagulla, sabo fil, daga shagon 'yan Afirka. Ya ajiye a gabanta ya ce, "Ga naki. Ki goge har ya huje." Ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata. Tun daga ranar ban sake ganin ta taɓa fitila da komai ba sai burushi.

Da aka yi addu'ar bakwai jama'a suka watse. Ɗansa ya koma jihar da yake aiki, 'yarsa ta koma gidan mijinta, Anti ta shiga takaba ita kaɗai a saman bene. Ni ce ta kusa, don haka in na tashi daga aiki sai in tuƙo in haye kogi in je in duba ta. Ba ta cin abinci sosai, ba ta kunna talabijin, in na yi mata hira sai ta ce to, to. Wata rana ina fitowa daga lif na ji ƙamshin lemun tsami tun a baranda.  Na shiga na tarar da ita a ƙasa, ta shimfiɗa jarida, wata ƙaramar fitilar tebur a cinyarta tana ƙyalli kamar yau aka sayo ta. Yatsunta sun yi ja. Na buɗe baki, sai ta ɗago ta dube ni, kuma tun rasuwar ban ga fuskarta da rai irin na ranar ba.

"Surukata, ba ta yi kyau ba?"

Na ce, "Ta yi kyau, Anti."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana. Na gaya wa kaina ɗaya ce, ba za ta sake ba. Da na dawo bayan 'yan kwanaki sai na tarar da wata. Daga nan ya zama duk zuwana sai na ga wata fitilar ta rasa shekarunta.

Na ɗora laifin duka a kan Hajiyar nan mai raɗa, na yi ta tsine mata a mota ni kaɗai. Amma tsinuwa ba ta hana komai ba. Yaya zan yi? Ba a ɗaga wa mai takaba murya. Matar da ta dafa mini, ta yi mini wanki ina jarrabawa, ta tsaya mini kamar uwa a ƙasar da ba ni da kowa, ita zan ce wa ajiye tsumman nan? Na gwada dabara irin ta marasa ƙarfi. Na daina sayo lemun tsami in na yi mata cefane, sai ta koma jiƙa tsamiya. Na kira mahaifiyata a Zariya na gaya mata, ina tsammanin za ta ji zafin kayan yayanta. Ta ce, "Ki bar ta. Tagulla ce. Ke ba ki san takaba ba." Na roƙi matar dattijon likitan nan ta yi mata magana, ta je ta dawo ta ce mini wallahi bakinta ya yi nauyi.

Ɗan Kawu ya kira ni. Yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa, haka muka saba, ni ina tawa yana tasa. Tsohon Baturen nan ne ya gaya masa kada kowa ya goge komai, in an goge an ɓata su. Ya ce fitilun gado ne ba a raba ba, ya ce Baba ba zai so haka ba, ya ce ni ce take jin maganata.

Na ce, "Uwarka ce. Kai ka faɗa mata."

 Sai ya ce ai ya kira ta don ya faɗa, sai ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya kasa. Har malamin da zai raba gadon na tuntuɓa. Ya ce a ƙa'ida bai kamata a canza kayan gado ba kafin rabo. Na ce to Malam sai ka faɗa mata. Ya shafa gemu ya ce, "To, wa zai iya? Allah dai ya ba ta haƙuri."

Gidan ya yi ta ƙara haske, ni kuma ina ƙara jin Kawu yana fita daga cikinsa. Matan da suke zuwa gaishe ta suna ta yabo. Hajiyar nan ma ta dawo, ta dubi bango ta ce, "Yanzu gida ya yi gida." Na tashi na shiga kicin don kada in yi abin da za a daɗe ana ba da labari. Tun ina lissafin waɗanda suka rage har na daina, don zuciyata ba ta ɗauka. Na bango suka tafi, na tebur suka tafi, masu rataye ma ta hau kujera ta goge musu sarƙa. Sai babbar ta kusa da kujerarsa kaɗai ta rage da duhunta, hannun na ukun yana karkace yadda ya bar shi. Duk zuwana nakan faki idonta in ɗora babban yatsana a wurin nan mai sumul. Na yi tunanin in sace ta in kai Hyattsville. Amma ba tawa ba ce, kuma ban san da wane ido zan dubi Anti ba in ta waiga ta ga babu ita.

Wata Asabar bayan la'asar na shiga na tarar ta shimfiɗa jarida a gindin fitilar. Ga kwano da lemun tsami an yanka, ban san wanda ya kawo mata ba, ga gishiri, ga tsumma a ninke. Ba ta fara ba. Kamar ni take jira.

"Surukata, zo ki riƙe mini. Wannan tana da nauyi, kada ta faɗi."

Na ajiye jakata. Na durƙusa a gabanta, na faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa.

"Anti, don Allah ki yi haƙuri. Kawu ba ya so."

Na zaci za ta yi fushi ko ta yi kuka. Sai ta dube ni kamar na gaya mata sunanta.

"Ni za ki gaya wa ba ya so?"

"In saboda maganar matar nan ce ta ranar makoki…"

"Wace mata?" Ta ɗan yi tunani. "Oh, wannan. Ni me ya dame ni da ita? Tun ina amarya nake jin irinta."

Ta gyara zama, ta ɗauki ɓarin lemun tana juya shi a hannu.

"Akwai abin da ba ki sani ba, don ba a gabanki ake yi ba. Kawunki in ya shiga ɗakin can yana gyare-gyarensa, sai ya wuni bai ce uffan ba. In shirun ya ishe ni, ina so in ji muryarsa, sai in ɗauki tsumma in nufi ɗaya daga cikinsu. Ban taɓa kaiwa ba. Ko ƙofa a rufe take sai in ji ya yi gyaran murya, ya ce, 'Hajiya.' Shi ke nan. In ajiye tsumma in koma aikina. Har yau ban san yadda yake sani ba."

Ta share ido da gefen hijabi.

"Ba hauka nake ba, Surukata. Na san inda yake, a gabana aka fita da shi. Amma shirun gidan nan ya fi ƙarfina. Na ɗauki ƙaramar nan na ce bari in gani. Ban ji komai ba. Na ce ƙila ita ba ta dame shi ba, na ɗauki wata. Haka har suka ƙare." Ta ɗaga kai ta dubi fitilar. "Wannan ce ya fi so. In akwai wadda zai yi magana a kanta, wannan ce."

 Amanar da ya ba ni tana gefe ɗaya, matar da ya bari tana gefe ɗaya, kuma ban ga yadda zan riƙe ɗaya ban saki ɗaya ba. Na miƙe na kama sandar fitilar da hannu biyu.

Ta dangwali gishiri da lemun, ta miƙe da ƙyar, ta kai hannu kusa da mariƙin na ukun, ta tsaya. Ba ta taɓa shi ba. Ta karkata kai wajen ƙofar ɗakinsa. Ni da nake ma'aikaciyar jinya, na rufe idon mutane da hannuna ba sau ɗaya ba, sai na sami kaina ni ma na riƙe numfashi ina saurare. Muka daɗe a haka. Firij yana ƙugi a kicin, wani ya rufe ƙofa a baranda, lif ya sauka.

"To," in ji ta a hankali. Ta ɗora lemun a kan mariƙin ta fara gogewa. Na riƙe mata har ta gama.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa ya huta. Wadda ya bari kuma Allah ya ba ta haƙurin da mu duka muka kasa ba ta.